Tukwanen da Na Ba Maman 'Yan Biyu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da aikin asibitin nan naki da ba ya ƙarewa. Allah ya ƙara lafiya, ya ba da lada. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har jiya ya yi wa mai gyaran famfo faɗa, kin san kuwa in ya fara faɗa to ya warke.

Yaya, wata magana ce ta hana ni sakat, na kasa faɗa miki a waya don kunya. Kin tuna zuwanki, da kika ga baƙin shafen cikin tukwanena da kaskona ya fara ɗayewa yana bin abinci, kika ce in zubar da su in nemi na ƙarfe zalla? To, ban zubar ba. Ido ne ya hana ni, don ta waje har yanzu sheƙi suke yi. Na goge su tas, na sa a kwali, na kai wa maƙwabciyata mai ɗinki, Maman 'Yan Biyu, na ce wai wuri ne ya yi mini kaɗan. Baiwar Allah ta yi ta sa mini albarka har da ƙwalla, ni kuma na tsaya ina amsa amin, ko kunya babu.

Ranar Asabar na ce ta raka ni sayen sababbi, don ta fi ni iya ciniki. Na sha'afa cewa satin da ya wuce na shiga shagon tukwanen da muka nufa na yi wa mai shi wa'azi a kan masu shafe, kin dai san bakina in na koyi sabon abu. Yana ganina ya washe baki, ya ce ga Malamar da ba ta son mai shafe. Ya dinga sauko da kaya yana ƙwanƙwasa gindin kowace tukunya mu ji kauri. Hatta ta lantarki mai dafa shinkafa sai da ya buɗe ya nuna mana cikinta fari fes. Daga nan ya juya wajen maƙwabciyata ya ce ta yi koyi da ni, ai ni na gaya masa na fitar da tsofaffin daga gidana don ba zan ciyar da 'ya'yana guba ba. Yaya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ita kuwa ta ajiye murfin da ke hannunta a hankali, ta ƙarasa mini cinikin tsaf, ta ɗauko mini babban kwalin har gida.

A bakin ƙofa na fara kame-kame, sai ta tare ni, ba faɗa ba ɗaga murya. Ta ce, “Da kin gaya mini gaskiya da na karɓa duk da haka, don ba ni da wasu. Amma da ni ce na zaɓar wa 'ya'yana, ba ke ba.”

Washegari na kai mata biyu cikin sababbin, ta yi godiya ta ce in bar su. Wannan fa ita ce matar da ta kwana uku a kaina a asibiti lokacin haihuwar autata. Yanzu gaisuwar da take yi wa masu kawo ɗinki ita take yi mini, kuma kowace safiya ina jin ta ta katanga tana soya wa yara ƙwai a kaskon nan. Wallahi na tsani kaina. Ke ce babba, ki faɗa mini yadda ake neman gafarar wanda bai yi fushi ba, ya dai fitar da kai daga ransa.

Ki gaishe mini da maigidan, da babbar 'yarki mai sunan Mama, da ɗan rigimar nan naki. Baba da yara suna gaishe ku. Shekara tara ke nan duk wasiƙar da na rubuta miki Maman 'Yan Biyu takan ce in sa gaisuwarta. Wannan karon ba ta ce ba, ni kuma ba zan ƙara wata ƙaryar ba.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Ƙanwarki mai bi miki