Kada ki share ƙarƙashin mota yau

Maman Laila,

Na fita bayan asuba, ban tashe ki ba. Na hau kabu-kabu zuwa Ɗan Gulbi, sai la'asar.

Jiya a hanyar Mai Yara jar fitilar man injin motar ta sake kamawa. Na tsaya na zaro sandar awon mai, da ƙyar bakinta ya jiƙe. Ko wata ba a yi da bidanji ba, wato canjin man inji.

Cindo na garaji ya tambaye ni ko tana ɗiga. Na rantse masa ban taɓa ganin ɗigo ko ɗaya a gidana ba. Ya ce to injin ne ke shan man, sai an sauke shi.

Sai da na dawo na tuna. Kullum kafin in fito kin share tsakar gida, kin watsa sabon rairayi. Ina zan ga ɗigo?

Na goge ƙasan injin tas, na shimfiɗa farin buhu na danne da duwatsu. Don Allah yau kada tsintsiya ta je wurin, a kuma ɗaure awaki. Inda man ya ɗiga a buhun, nan za mu bi. In ƙanena Badaru ya nemi makulli, yana aljihuna.

Ba mai sauke mini inji sai na ga ɓarnar da idona. Watanki ya kama. Ranar da za ki sauka, a motar nan za ki je likita, ba a amalanke ba.

Nafi'u