Ruwan Marinar Baba Yari

Tudun Wada, Sakkwato
4 ga Afrilu, 1978

Aminina Maccido,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Ingila? Mu nan rana ta ishe mu, ka aiko buhu in ɗura maka.

Farin garin maganin da ka aiko da tantanin tacewa sun iso. Ka san halin da mahaifina Baba Yari yake ciki: tun da ya koma rinin kanti, ruwan marinarsa ke gangarawa kududdufin da dabbobin unguwa ke sha. Awaki uku sun mutu, duba-gari ya ce a gyara ko ya rufe marinar. Na yi yadda ka rubuta. Na zuba ruwan a daro, na barbaɗa garin, na bar shi a rana. Kafin la'asar shuɗin ya gushe, na tace, ruwa ya fito garau. Ni malamin kimiyya guda, sai ga ni ina rawa a tsakar gida.

Naka, Jinaidu

19 ga Afrilu

Maccido,

Bayan gaisuwa, ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Murna ta koma ciki.

Baba ya kai ruwan wa liman. Liman ya duba, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya ce tun da babu launi, babu wari, babu ɗanɗano, ruwa ne mai tsarki, kamar yadda aka koya mana tun muna yara. Baba ya zaga unguwa yana cewa ɗansa ya wanke ruwa. Ban taɓa jin ya yi alfahari da ni ba sai yanzu, kuma ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini daɗi.

Amma na saka 'yan kifi biyar a ruwan, kafin azahar duk sun juya ciki sama. Ashe launi ke fara tafiya, dafin yana nan. Gobe Alhamis duba-gari zai zo. In na yi shiru marina ta tsira, in na yi magana na rufe wa Baba sana'ar shekara arba'in da bakina.

Naka, Jinaidu

2 ga Mayu

Maccido,

Ina gaishe ka, Allah ya sa kana lafiya.

Na yi shiru har Alhamis, tsoro ne, ba wani abu ba. Sai da Baba ya cika moɗa da ruwan a gaban duba-gari da liman da maƙwabta, ya kai baki zai sha, sannan na riƙe masa hannu na karɓe. Ka san abin da wannan ke nufi a garinmu. Na faɗi maganar kifin, aka rufe marina nan take.

Kwana goma bai amsa gaisuwata ba. Jiya ina durƙushe, yana kallon bango, ya ce, "Wanga ruwa naka, kwana nawa shi ka biɗa ga rana?" Na ce ban sani ba, sai ranar da kifi ya kwana a ciki da rai.

Yau da hantsi na ga tsohon nan ya dawo daga gulbi a ƙasa, da ƙwarya a hannu, 'yan kifi na yawo a ciki. Bai dube ni ba, ya dai ajiye ta a ƙofar ɗakina.

Ka huta lafiya.
Amininka, Jinaidu