Rubutun Baba a Gefen Littafi

Yaya Ishaku,

Gaisuwa mai yawa daga Samaru. Yaya aiki, yaya Anti Rahila da yara? Mu lafiya lau.

Ka tuna littattafan marigayi Baba na labaran masu tafiya duniyar wata? Jiya na tarar Mama za ta ba mai ƙosai su ta riƙa ƙunshi, na ƙwace. A cikin wanda masana suka yi sharhin labaran, Baba ya rubuta da fensir: "Kun yaba jaruntarsu, amma wa ya tambayi uwar da suka bari a gida?"

Na karanta wa Mama. Sai ta ce in rubuto maka.

Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. Kirsimetin nan dai ka zo.

Ƙanwarka,
Saratu