Tocilar da Na Gwada a Bokiti

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Allah ya sa kuna lafiya.

Mu kam sai haƙuri. Kin san ɗanki Bashir, autana, da son nutso, irin wanda ake goya tukunyar iska. Ya ce yana buƙatar tocilar cikin ruwa, na ce ni zan sayo masa. Mai shago a nan Greensboro ta Amurka ya nuna min mai tsada, na yi tsaki na ɗauki mai araha. A gida na tsoma ta cikin bokiti, ta haska tar. Ashe bokiti daban, zurfi daban.

Ranar Asabar, yana can ƙasan wani tafki, ruwa ya shige tocilar, ta mutu. Ya firgita ya taso da sauri, abin da aka hana masu nutso, don yana illata jijiyoyi. Yanzu yana asibiti, ƙafarsa ta hagu ba ta motsi.

Da babansa ya tambayi wanda ya sayo wannan banzar tocila, Bashir ya ce, "Ni ne, Baba." Ina tsaye, na bar shi ya ɗauki laifina.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ta ji.

Ƙanwarki,
Rabi