Kilo Saba'in da Takwas

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ƙarafan da kake koya wa mutane ɗagawa. Ka san ba na rubutu sai ta ɓaci. To, ta ɓaci.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ni ke ɗaga shi daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki. Ranar Talata gwiwata ta yi rawa a bakin ƙofa, saura ƙiris kansa ya daki gefen siminti. Shekara ashirin ina sayar da buhuna, ashe da baki nake ɗaga su, 'yan dako ke aikin.

Ka tsara mini yadda zan ɗaga ƙarfe in yi ƙarfi. In da hali damtsen ma ya ɗan fito, kada a sha wuya ba shaida. Kada Inna ta ji.

Ka huta lafiya.
Yayanka

*

Yaya,

Na samu takardarka, Allah ya ba Baba lafiya. Ga tsari. Kwana uku a mako, ka riƙa tsallake rana. Tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, ɗauko ƙarfe daga ƙasa baya a miƙe, sai tafiya da nauyi rungume a ƙirji. Kowanne sau biyar, zubi uku. Ka fara da kilo ashirin, duk mako ka ƙara biyu da rabi. Damtse na ƙarshe ne, ƙafa da baya ke ɗaukar mutum. Ka ci, ka yi barci.

Ina roƙonka, wannan ba ciniki ba ne, kada ka taya. Nawa ne nauyin Baba?

Ƙanenka

*

Auta,

Gaisuwa. Na taya. Ka ce ashirin, na ce arba'in, kuma kullum, don ban ga dalilin da za a rufe shago kwana huɗu a mako ba. A rana ta tara bayana ya riƙe ina tsaka da ɗaukar Baba. Na kasa gaba na kasa baya, numfashinsa a wuyana, sai da tela maƙwabcinmu ya ji kirana ya zo ya karɓe shi. Yanzu shi ke kama mini safe da yamma.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Da ka tambayi nauyinsa, na kawo sikelin shago gida, na hau ni kaɗai, na sake hawa da shi a hannu, na cire. Sai bakin nan nawa ya ce, "Saba'in da takwas. Baba, ai ka fi buhu da rabi." Har dariya na yi.

Tun daga ranar yake ture kwano. Loma biyu ya ce ya ƙoshi. Inna na zaton ciwon ne. Jiya na matsa masa, ya dube ni da idonsa mai lafiyar ya ce, "Rage maka kaya nake yi." Na sake auna mu, saba'in da uku. Auta, ina tsoron bakina zai kashe shi kafin hannuna ya yar da shi. Me zan yi?

Yayanka

*

Yaya,

Ka kai bayan asibiti a duba. In sun yarda, ka koma ashirin. Maganar Baba kuwa ba ta cikin abin da na koya. Kai ka sayar wa kurma rediyo. Ka sayar wa Baba abinci. Ina tafe ƙarshen wata.

Ƙanenka

*

Auta,

Gaisuwa. Na koma ashirin, kamar mutumin kirki.

Na ce wa Baba ka rubuto cewa shi ne babban ƙarfena, in ya ragu tsarin ya rushe, damtsena ya tafi. Ya ce, "Kai da ƙarya tun kana rarrafe." Sannan ya ce a miƙo kwanon.

Yau saba'in da huɗu. Na ɗaga shi, tela na tsaye a bayana, gwiwar ta ɗan yi rawa. Ka zo da wuri.

Yayanka