Tabarau Biyu Sun Koma Ɗaya

Daren Laraba, Aliero

Yau na yi kasada da tabaran Baba, na karatu da na hangen nesa. Na gaji da faɗansa duk sanda ɗaya ya ɓace. A littafi na ga wani jakadan ƙarni na sha takwas, yana zaune ƙasar waje, ya yanka gilasansa ya haɗa rabi da rabi. Mai gyaran tabarau a Jega ya ce hauka ne, amma ya yanka, ya haɗa: sama na hangen nesa, ƙasa na karatu. Gabana sai faɗuwa yake, don Baba ba shi da wasu.

Baba ya saka, ya karanta aya guda, ya ɗago ya hango ni bakin zaure.

"Kai Sani! Yaushe ka yi furfura?"

Ta daɗe a kaina, sai yau ya gani.