Hannunki Kawai Suka Bari a Hoton

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangiji. Mu da kika bari a Unguwar Romi muna nan lafiya. Na ɗauki biro ne saboda abin da ya faru ranar Asabar ya ƙi barin raina.

Makarantarmu ta yi bikin tunawa da kafuwarta. An buga atamfar anko da hotunan waɗanda suka kafa ta: Baba Ishaya mai makarantar, da matarsa, da ɗansu, wanda kika ce a goye yake lokacin da aka fara. A tsakiya akwai hoton ajin farko, shagon nan mai benci uku. Mama, irin hoton da ke bangon ɗakinmu ne, amma an yanke ki. Hannunki kawai ya rage a jikin allo, riƙe da alli. Na tsaya a gaban tela ina kallon yadin, har ya tambaye ni ko lafiya.

Ke kika bi gida-gida kina roƙon iyaye su ba ki yaransu. Ke ce malama, ke ce mai shara, ke ce mai kaɗa ƙararrawa. In aka yi ruwa, ke kike goya ƙanana ki tsallakar da su kwata. Har kikan zolaye ni ki ce, "Makarantar nan ce 'yar farina, ke ta biyu ce."

Na tambayi malamar ajinmu a hankali. Ta ce, "Rifkatu, mamanki ɗaukarta aiki aka yi. Mai kafawa daban." A ina aka ɗauke ki, Mama? Akwai makarantar ne kafin ki zo?

Kuma ni aka ba tarihin makarantar in karanta wa jama'a. Babu sunanki ko sau ɗaya. Na rubuta shi da fensir a gefen takardar, na kwana uku ina gwadawa. Na hau dandamali, na ga taron. Sai na tsallake sunanki, Mama. Na karanta sauran tsaf, aka tafa mini.

Ina saukowa Baba Ishaya ya dafa kaina, ya rage murya ya ce, "Muryar mamanki Saratu sak. Ba don ita ba, da ba mu kawo yau ba." Ya koma kujerarsa.

Ashe bai manta ba. Ya sani, ni ma na sani, kuma dukanmu muka yi shiru.

Ki yafe mini, Mamata. Ubangiji ya ba ki hutawa a wurinsa, ni kuma ya buɗe mini baki.

Taki har abada,
Rifkatu